Ɗiyata Ba Za Ta Kwanta a Gadon Zumunta Ba

Inna Sa'adatu, ki taimake ni kafin Lahadi. Na riga na yanke abin da zan yi, amma ina tsoron in rasa mutanena a kansa.

Ina zaune a Dogon Dutsi, na haura arba'in. Bayan dogon jira, makon jiya Allah ya ba ni ɗiya. A majami'armu matan zumunta suna da ƙaramin gadon ƙarfe na jarirai, tsoho ne ƙwarai. Duk wadda ta haihu akan kai mata shi da waƙa, ta ajiye shi gefen gadonta har yaro ya fara zama, sannan ya wuce gida na gaba. Mijina ma cikinsa ya kwanta. Na yi shekaru ina cikin masu ɗaukarsa a ka muna kai wa wasu. Ranar da aka shigo da shi ɗakina sai da na yi kuka.

Da suka tafi na duba shi, don halina ke nan, ko fitila na saya sai na juya ta na duba. Hannuna a dunƙule yana wucewa tsakanin sandunansa. Gefen da ake saukewa ƙugiyarsa ta lalace, an ɗaure da roba. Na ɗan jingina, ya faɗi. Katifar ta yi laushi, ta yi masa kaɗan, akwai rami tsakaninta da ƙarfen. Fentin ma yana ɓarewa.

Na faɗa wa shugabar zumunta, zan kira ta Mama Félicité, ba sunanta ba ne. Ita ke dafa mini ruwan wanka kowace safiya, don uwata ta rasu, dangina na Matankari kuma ba su cika zuwa ba tun da na yi aure. Ta ɗauko ƙwarya daidai girman kan jariri, ta gwada mini ba ta shiga tsakanin sandunan. Ta ce yaran da gadon ya rena ba su ƙirguwa, babu wanda ya ji ciwo, karatun boko ne ya sa mini tsoro. Mijina ya ce in kwantar da yarinyar ciki ranar Lahadi kawai, sa'ad da mata za su zo addu'a, don a zauna lafiya.

Na ƙi. Na fitar da gadon tsakar gida. Yau Mama ta aiko da ruwan, ba ta zo ba.

Nakan ce ko ƙwaryar nan ta fi ni gaskiya, ko haihuwar fari da girma ce ta rikita ni. Na rubuta, na sake karantawa, ban ga inda na yi ƙarya ba. Ko za a daina gaishe ni a ƙofar majami'a, ɗiyata ba za ta shiga gadon nan ba. Yanzu gefena take kwana, ni kuma barci ya gagare ni don tsoron danne ta. Wane irin gado zan sa kafinta ya yi? Kuma yaya zan yi da matan?

Mai jego, Dogon Dutsi

Ƴar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya.

Kina da gaskiya, kada ki sa ta ciki ko na awa ɗaya. Ƙwaryar ta gwada abin da ba shi ne hatsarin ba. Jikin jariri ya fi kansa ƙanƙanta: ƙafafu da ƙirji sukan zurare, kai ya maƙale.

Ki ce wa kafinta tazarar sanduna kada ta wuce santimita shida. Gefe huɗun duka su zama kafaffu, babu mai sauka. Katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ta cika gadon har yatsu biyu ba su shiga gefenta. Ba matashi, ba bargo, ba tulin zannuwa. Ki kwantar da ita rigingine, gadon kusa da naki, cikin sange, wato gidan sauro, da aka ja sosai don kada ya sauko mata a fuska, nesa da garwashi. Kafin kafinta ya gama, kwando mai faɗi mai ƙarfin gindi da siririyar shimfiɗa mai tauri ya isa. Ki fara nuna wa ungozomar asibiti kwandon.

Amma kin yi kuskure ɗaya. Mama Félicité ba ta ji zancen ƙarfe ba. Abin da ta ji shi ne ta yi shekaru tana wasa da ran ƴaƴan mutane, kuma kin ajiye gadon inda kowa zai gani. Matar da ta ji haushi amma ba ta fasa aiko da ruwan zafi ba, ba ta rabu da ke ba. Ki goge gadon, ki mayar da shi ɗaki. Mijinki ya je ya gaishe ta yau, shi ya yi bayani, tunda shi ma gadon ne ya rene shi. Ki roƙe ta ta je wurin kafinta ta zaɓi katako da kanta, ki ce idan ɗiyarki ta zauna, sabon gadon na zumunta ne.

Wataƙila ta ƙi. Wasu za su yi magana, ki jure. Ranar Lahadi in an tambayi inda za a kwantar da yarinya, ki tashi ki ɗora ta a hannun Mama.

Allah ya ba ki barci mai daɗi, ya ƙara lafiyar jego.

Inna Sa'adatu