Batirin Jirginka Yana Cikin Yashi

Ranka ya daɗe, Kyaftin,

Na tafi aiki. Ban tashe ka ba, na ga matuƙin jirgi yana buƙatar hutu.

Batirin ɗan jirgin nan naka mai rimot, da ka jona a caji a kan kujerar falo ka koma barci, ya kumbura kamar filo. Auta na tarar a kansa tana danna shi da cokali. Zafinsa kuwa, sai da na sa tsumma na ɗauka.

Yana waje cikin tsohon bokitin ƙarfe, na rufe shi da yashi. Kada ka huda shi, kada ka sake jona shi wai ko kumburin zai sace. Ya gama aiki.

Jakar nan da ba ta cin wuta, wadda ka ishe mu da cewa a cikinta ake caji, na gan ta a durowa, sabuwa dal a ledarta, kada ta yi datti. Ka kyauta. Da gidan ya kama, ita kaɗai za ta tsira.

Matar Kyaftin