Fitilar da Emeka ya rufe

Laraba, bayan sallar isha'i

Fitilar gargaɗin inji da ke gaban sitiyari ta sake kamawa, motar kuma sai karkarwa take yi. Na lallaɓa da ita Kakuri wajen Emeka bakanike. Ya jona kwamfutarsa, ya canza fulogi, muka tayar, fitilar tana nan.

Shekara talatin na yi ina gyaran injuna a masaƙa. Da sukudireba nake gane ciwonsu, in kafa bakinta a jikin inji in kara ƙotar a kunne. Yau na gwada a injin motar a gaban mutane. Ban ji komai ba.

Emeka ya ce, “Baba, zauna abinka. Gaskiya ni ma ban gane ba.” Ya yanko baƙin salatif ya manna a kan fitilar. “Shi ke nan, ta daina damunka.”

Jibi za a sallami abokina Sule daga asibiti, kuma na yi alkawarin ni zan kai shi gida Mahuta. Ba shi da kowa sai ni. In motar ta mutu mana a hanya, a cikinmu wa zai tura?

Ɗazu na fita na murza makulli, na ɗaga salatif ɗin da farce. Tana nan a kunne. Na mayar na rufe.