Albasar da Nake Zubawa a Tukunyar Yasmin

Galmi, 27 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Sha'ibu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka haƙurin yaran da kake koyarwa a lakwal da na zafin garin naku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, in ta zauna tashi sai an yi da gaske, amma bakinta garau yake, har yau ba mai wuce ƙofar ɗakinta bai sha tambaya ba. Yaya Jibo ya gama cirar albasa makon jiya. Bana Allah ya ba shi, ya cika rudu biyu, rumbunan ajiyar albasar nan, har da saura a jibge ƙarƙashin dogon yaro, gidan duk ƙamshinta yake. Jar akuyar matarka ta haifi biyu, duka mata, ni nake kula da su.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. Sau uku ina danna lambarka da niyyar faɗa maka abin da ke cikin nan, sau uku ina ɓigewa da tambayar lafiya da labarin zafi. Bakina ya kasa, shi ya sa na ari biro wurin 'yar Yaya Jibo. Abarshi direba zai kawo maka ita tare da rabin buhun albasa da ƙullin gabu na lawashin bana, ni na daka na shanya da hannuna. Ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka yi irin karatun nan naka na tsaye da ƙafa ɗaya a waje.

Ranar Laraba da muka yi waya ka ce mini in an yi hutun lakwal za ka kawo Yasmin gidansu a Dogarawa ka bar ta can, sai ta gane tukuna. Ka ce wata bakwai ke nan tun da kuka koma Arlit ba ka ci miya mai suna miya ba, ruwa ne da ganye, albasa na yawo a sama fara fat. Ka ce macen da ta shekara biyu tana girki gida duk ana lashe kwano ba za ta manta cikin kwana ɗaya ba, saboda haka da gangan take yi, don ba ta so barin gida ba. Na yi shiru, kai kuma ka ɗauka na yarda da maganarka. Sha'ibu, ba ta manta komai ba. Yadda take dafa maka yau, haka take dafawa tun ranar da ta shigo gidanmu. Miyar da ka shekara biyu kana yabo, ni nake gyara ta a ɓoye, kuma ita kanta ba ta sani ba.

Ka tuna ranar da ta fara girki, kwana bakwai da kawo ta. Matan unguwa sun cika tsakar gida, kowa da cewa ta zo gaida Inna, alhali ɗanɗanar hannun amarya ya kawo su. Miyar alayyafo ta ɗora. Na leƙa madafa na ga ta raba albasa gida huɗu-huɗu kamar mai yanka kabewa, ta watsa a ruwan sanyi tare da ganyen da man da gishirin, ta rufe. Ba laifinta ba ne. A gidan mahaifinta Malam Hayatu nono da fura da tuwo da man shanu ta taso tana gani, kuma ka fi ni sanin ba wanda ya kama ƙafarta a dama fura ko kaɗa mai. Amma nan Galmi ne, garin da yarinya ke iya soya albasa kafin ta iya ɗaura zane. Ina ɗanɗanawa na san sunan da za su laƙa mata kafin magariba, kuma sunan da matan unguwarmu suka laƙa ba ya fita. Sai na aike ta ɗakin Inna ta ɗauko faifai. Kafin ta dawo na juye mata soyayyar albasar da na tanada don dambun sayarwata, na murza gabu a tafin hannu na barbaɗa, na juya, na rufe. Aka ci aka suɗe hannu. Na ga fuskarta ranar, da kuma taka, kana ta sunne kai kana murmushi kamar kai ka dafa.

Wannan na ranar farko ban yi nadamarsa ba, ko gobe zan sake. Abin da ya biyo baya shi ne laifina. Na ce a raina gobe zan zaunar da ita in koya mata. Goben ta zo, ta ɗora miyar guro, ta tafi tatsar akuyoyinta kamar yadda ta saba kullum bayan la'asar, ta ce in duba mata wuta. Na duba wuta, na kuma duba tukunya. Tun daga nan ya zama al'ada. Tun da ina soya albasa kowace safiya don dambu, ba wanda ƙamshi zai sa ya yi tambaya. Sai in ɗebi wadda ta fi laushi in dake ta a ƙaramin turmi, in adana a gwangwani, in ta ba da baya in zuba, in tsame manyan ɓarin nan nata in ba kaji. Ta ɗauka narkewa suke yi in an bar su a wuta. Ranar kwaɗon zogale ko na shu, wato kabeji, kuwa, sai in ce ta kawo in rage mata aiki, in karɓe wuƙa. Shekara biyu cur, Sha'ibu, in ban da kwana goman da na yi zazzaɓi, lokacin da kuka ce masassara ta shiga gidan har abinci ya daina daɗi.

Zan iya ce maka tausayi ne, kuma da ka yarda. Amma tun da na ɗauki biro gara in faɗi duka. Daɗi nake ji. Tun da mahaifin su Muhsina ya rasu na dawo gida, ba wanda ya ƙara cin abincina ya ɗago kai ya ce madalla, don girkin 'yar gida ba a yaba shi, ci kawai ake yi. Sai ga shi kullum kana cewa hannun Yasmin daban ne, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa, ina jin yabon yana shiga inda ya kamata. Ina kuma tsoro. Na ga in ta iya, me ya rage mini a gidan? Ɗakin da nake ciki na Inna ne, gonar ta maza ce, tukunyar nan kaɗai ce wurin da nake jin ba a iya yi sai da ni. Akwai ranar da ta same ni ina soya albasa ta tsugunna kusa da ni, ta ce in nuna mata yadda nake yi, ƙamshin yana burge ta. Na yi dariya na ce me za ta koya wurina ita da gida duk ke yabonta, ta tashi kada hayaƙi ya ɓata mata ido. Ta tashi tana jin daɗi. In na tuna wannan tsugunnon nata sai in ji abinci ya fita raina.

Da aka mayar da kai aiki Arlit, na san abin da zai faru. Ina taya ta ɗaure kaya ina cewa yanzu zan faɗa, har mota ta tashi ban faɗa ba. Abin da ba ka sani ba shi ne sau biyu tana kirana tana kuka lokacin da kake lakwal. Ta ce ta canza tukunya, ta canza mai, ta daina sayen albasar kasuwarku ta sa an nemo mata ta gida, duk a banza. Ta ce har rubutu ta karɓa ta sha, don ta fara zaton baki ne ya kama hannunta. Ta ce kana ture kwanon gefe ba ka cewa komai, ka sa takalmi ka fita wurin mai abinci a bakin hanya, kuma da ka zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta roƙe ni don Allah in tuna mata ko akwai abin da take yi a gida wanda ta daina. Ka san abin da na ce mata? Na ce wataƙila ruwan garin ne. Ni Barira, da furfurata ta fara fitowa, na ɗora wa ruwan Arlit laifi na kashe waya na ci gaba da yankan albasata.

Bayan wayarka ta Laraba na kasa riƙewa, na je na faɗa wa Inna komai. Ta ce tun makon farko harshenta ya gaya mata hannuna na cikin tukunyar, don ita ta koya mini, ba za ta kasa gane soyinta ba. Ta yi shiru ne don ta zaci tare muke yi, ina koya wa yarinya a asirce don in rufa mata asiri. Da ta ji ban taɓa koya mata ko riƙon wuƙa ba, ba ta yi faɗa ba, kuma ka san Inna in ba ta yi faɗa ba abin ya kai. Cewa kawai ta yi in rubuta da hannuna, kuma kada in sa sunanta a cikin masu ba ka haƙuri, don ba ita ta ɓata ba. Kwana huɗu ke nan 'yar Yaya Jibo ke kai mata abinci, in na kai ba ta ɗagowa.

Kai ma ba zan bar ka haka ba, ko da yake ni ce mai babban laifi. Wata bakwai kana tare da mace, tana tsaye gaban murhu cikin zafin nan, ba ka taɓa zama ka tambaye ta abin da ke damunta ba, sai ka yanke hukunci kai kaɗai kamar kana gyaran takardun jarrabawa. Kai da ko ruwan shayi ka ɗora sai ya ƙone! Yarinyar nan ta bar akuyoyinta da iyayenta ta bi ka garin da ba ta san kowa ba. Mai yin abu da gangan ba ta shan rubutu a kansa.

Yanzu ka miƙa wa Yasmin takardar nan. Ta iya karatu, ka bar ta ta karanta da kanta tun daga sama, kada ka tsallake mata ko layi ɗaya don ka rufa mini asiri. Yasmin, ga abin da kika tambaye ni ranar nan na hana ki. Ki yanka albasa siriri, yadda za ki iya hango wuƙa ta cikinta. Manya uku ga miyar mutum biyu ba su yi yawa ba. Ki ɗora mai shi kaɗai ya yi zafi, ki zuba kashi biyu cikin uku da ɗan gishiri, ki janye itace wuta ta kwanta. Kada ki tafi ko'ina, nan ne duk aikin yake. Ki yi ta juyawa har ta saki jiki ta yi ja kamar shayin da bai ji madara ba, in ta yi baƙi ta yi ɗaci, ki zubar ki sake, ba abin kunya ba ne. Sannan tumatir da tattasai da kalwa su shiga su soyu, sai ruwa. Ganye shi ne na ƙarshe, ba ya son daɗewa. Ragowar albasar ki zuba ta ɗanya dab da saukewa, ki murza gabu kaɗan a tafi ki bi da shi. Ta kwaɗo kuwa ki jiƙa ta da gishiri da lemun tsami ki matse kafin ki haɗa da ƙuli. Iyakarsa ke nan. Abin da za a koya a yini ɗaya na riƙe miki shekara biyu, har yana neman cin aurenki.

Sha'ibu, maganar Dogarawa ka bar ta, na roƙe ka don Allah da darajar Inna. In kun zo hutu ku zo tare ku koma tare. In dole sai an kai wata gaban Malam Hayatu ta yi bayani, ni za a kai, kuma na shirya zuwa.

Yaya Jibo da matarsa Zulaiha suna gaishe ku, haka Muhsina da Fa'izu. Kawu Alhasan na Illela ya zo ranar kasuwa ya ce in isar maka da gaisuwarsa. Ka gaida maƙwabcinku Abdoulaye da iyalinsa, Allah ya saka musu da ɗawainiyar da suke yi da ku. Yasmin kaɗai ban ce ka gaisar mini ba, don ban sani ba ko tana son gaisuwata yanzu. Zan kira wayarta ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. In ba ta ɗauka ba kada ka matsa mata, tana da gaskiya, zan sake kira wata Juma'ar. Kai dai ranar ka ci abinci a gida, duk yadda ya fito, ka cinye.

Wassalam. Taka yayarka,

Barira