Rigar Sarauniya

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya yara? Mu lafiya lau, hankalina ne kawai ba a kwance ba.

Kin san wasan da nake shiryawa, na kwamandan da ya bar sarauniyar da yake so don ya ceci garinsu. Matata ce sarauniyar tun kafa ƙungiyarmu. To, tun aikin maƙogwaron nan da aka yi mata muryarta ba ta kai ƙarshen wasa. A gwajin jiya ta shaƙe ana tsakiyar bankwana, 'yan wasa suka sunkuyar da kai. Yarinyar da ke jiran gurbinta kuwa, tsakani da Allah, ta iya.

Masu zauren da muke wasa a ciki sun ce in muka kunyata su bana, kada mu dawo, kuma mutanena ba su da wata sana'a. Ga tela ya tasa ni gaba. Rigar sarauniya ɗaya ce tal, yarinyar kuma siririya ce, ya ce in ya sa almakashi babu mayarwa.

Ni mai koya wa kwamanda taurin zuciya, yau ni ne ke ɓuya bayan labule don tela. Yi dariyarki, wanzami ba ya son jarfa. Ina son matar nan, Yaya, kuma tsoro nake ji.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Na ce wa tela ya yanka. Gaya wa matata ne ya gagare ni, kullum sai in ce gobe. Ta shiga ɗakin canza kaya ta tarar da tela a durƙushe, yana kafe rigar a jikin yarinyar. Da ma faɗa ta yi. Sai ta gyara wa yarinyar wuyan rigar, ta tsince ƙyallayen da aka yanke, ta fita.

Wasa ya yi kyau, masu zaure sun ce mu dawo. Na koma gida na tarar da akwatinta a bakin ƙofa, ƙyallayen a kan matashina. Na fara kame-kame, sai ta miƙe ta faɗa mini maganar sarauniya ta ƙarshe, wadda kullum take shaƙewa a kanta: "Je ka, garin ya fi ni bukatarka."

Muryar tas, Yaya, ko gargada babu.

Ta ɗauki akwatinta ta tafi. In ta biyo ta wurinki, don Allah ki riƙe mini ita.

Ƙaninki,
Auta