Farantin Keke Mai Haƙori Hamsin da Biyu

Malam mai ba da shawara, don Allah ka cece ni, na haƙa rami gajere na kuma faɗa da kai. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi a firamare, shi ma na huɗun sau biyu na yi shi saboda malamai ba sa son rabuwa da ni.

Ni tsohon masinja ne, shekara ashirin da takwas ina kai takardu a kan keke. Keken nawa ba giya, birkinsa addu'a da tafin ƙafa. Shi ya sa nake ganin duk duniya ba wanda zai koya mini keke. Kuma Allah ya yi ni da baki. A bencin ƙofar shagon mai gyaran keke, inda muke zama da yamma, in ban zo ba sai a aiko a ji ko lafiya.

Ɗana na biyu shekararsa ashirin da uku, yana aiki a kantin magani. Tun yana ƙarami ciwo ya taɓa masa ƙafar hagu, ta fi ta dama siranta, yana ɗan ɗingishi. Amma in ya hau keke ba ka ganewa. Ya sayi wani na tsere, na hannu, mai giya tara a baya, yana goge shi kamar jariri. Wata shida yana atisaye domin wata gasa da ake ɗaukar mutum biyar a sa su a ƙungiya.

Ana gobe gasar ya ce in kai masa keken a sa mai, shi yana wurin aiki. A hanya na biya wurin mai kayan gwangwan, na ga wani farantin kaca na gaba da hannuwan fedarsa, ƙato kamar murfin tukunya. Na ƙirga haƙoransa, hamsin da biyu. Na yaron arba'in da shida. Ko ɗan aji huɗu ya san wanda ya fi. Na ce yau zan yi wa yaron nan gata. Na saya, na kai wa mai gyara ya ɗaura. Mai gyara ya ce haƙoran sun yi kauri, kacar siririya ce, kuma za ta yi gajarta. Na tambaye shi ko a jami'ar faci aka koya masa haka, 'yan benci suka kwashe da dariya, ya ɗaura.

Da safe yaron ya gani, ya tsaya yana kallon farantin. Ya tambaye ni ko na gwada. Na ce na gwada. Gaskiya ne, na zagaya tsakar gida sau biyu, ban taɓa giya ba don ban san inda ake taɓawa ba.

A wurin gasar, a hawan farko, gabanmu ni da 'yan benci, ya canza giya. Kacar ta ɗaure tam, ƙarfen canjin giya na baya ya karye ya shige cikin taya, yaron ya faɗi a kan ƙafar nan tasa. Mutane suka taru, wani ya duƙa yana duba farantin. Na ga yanzu za a tambayi wanda ya sa shi. Sai bakina ya riga ni, na ce ai keken lafiyarsa lau, injin ne mai fistin ɗaya. Malam, ban taɓa samun dariya irin ta ranar ba. Har wanda yake ɗaga shi sai da ya sake shi ya riƙe ciki.

Yau sati shida ke nan. Unguwa duk Fistin Ɗaya ake kiransa, har masu zuwa sayen magani. Keken yana jingine a bayan ɗaki. A ƙafa yake zuwa aiki, ta gaban bencin, yana ɗingishi suna yi masa ƙarar babur da baki. Bai taɓa ce mini komai ba. Kullum zai durƙusa ya gaishe ni kamar ya zo wurin alƙali, ya tashi. Uwarsa ta ce ya kama ɗaki a wani wuri, ƙarshen wata zai tashi. Ita ma yanzu tana ajiye mini kwano kamar tana ba kare.

Tambayata: wace kaca zan saya ta dace da farantin? Ina so in gyara a ɓoye, ya tashi ya ga keken yana tafiya, magana ta wuce ba sai an tona ba. Ka san uba ba ya ba ɗa haƙuri, sai dai ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Naka, Tsohon Masinja.

AMSA

Baba Masinja, na farko, babu kacar da za ka saya. Keke mai giya tara siririyar kaca yake so, farantin da ka samo na mai kauri ne, ba za su zauna tare ba. Kafin a ƙara girman faranti ana duba kaurin haƙori, a ƙara wa kaca tsawo, a tabbatar ƙarfen canji zai ɗauki nisan, a ga ko farantin ba zai goga jikin keken ba. Sannan a tambayi mai hawa, domin babban faranti ƙarfin ƙafa yake ci, shi kuwa ya zaɓi arba'in da shida ne don ya san ƙafarsa. Duk wannan mai gyara ya so ya gaya maka, ka sayar da shi don dariya.

Zan ba ka naka. Ka sayi farantin ne don kana so ɗanka ya yi nasara, wannan kuskuren ƙauna ne, da a nan ka tsaya da tuni ya wuce. Shi ma shirun da yake yi ba magani ba ne. Amma ba faranti ne yake kore shi daga gida ba. Shekara ashirin yana neman wurin da ba a ganin ƙafarsa, ya samu, ubansa ya nuna ta da yatsa don ya tsira da mutuncinsa wurin 'yan benci. Wasiƙarka ta ba ni dariya, na kuwa ji kunyar dariyar, domin na lura har yanzu kana alfahari da ita.

Kada ka taɓa keken nan. Gobe da yamma, lokacin da bencin ya cika, ka miƙe ka faɗa musu kai ka sa farantin, an hana ka ka ƙi, kuma ka yi ƙaryar gwadawa. Kada ka sa barkwanci ko ɗaya. Za su sa maka suna, ka amsa shi, ka ji yadda yake. Daga nan ka je wurin yaron, ba ta bakin uwarsa ba, ka ce ka cuce shi, ya yafe maka. Gyaran keke ka bar masa shi da mai gyara, su zaɓi abin da ya dace.

Ba zan yi maka alkawarin zai fasa tashi ba. Mai yiwuwa ya tafi, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rage a hannunka shi ne ko zai riƙa zuwa gaishe ka don yana so, ko don kada a ce bai zo ba. Kwanaki kaɗan ne suka rage a watan. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba shi lafiyar ƙafa, ya daidaita tsakaninku.