Fuskar Mahaifiyarka Ta Baje a Kwamfuta

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare gabanku da bayanku. Mu nan kalau, in ban da gwiwar nan da ba ka tambaya. Kawunka ya samu sauƙi, har surutunsa ya dawo. Ƙanwarka ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Maganar kwamfutar nan ce da ka ajiye mini a teburin ɗaki. Tun ranar da ta sabunta kanta, ba wanda ya aike ta, komai ya baje. Hoton marigayiya mahaifiyarka da nake buɗewa bayan la'asar ya koma wata mace mai faɗin fuska, dishi-dishi. Matar da ba ta taɓa ƙiba ba! Ko wushiryarta ba na gani.

Ƙanwarka ta kira mai gyara. Ya kwance murfi, ya zare wani abu da ya ce katin hoto ne, ya hure ƙura ya mayar, ya sauya waya, ya kashe ya kunna, shiru. Ya nuna mini wata alama ruwan ɗorawa kusa da sunan katin, wai katin lafiyarsa lau, direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, shi ne ya ƙi tashi. Sai an cire an sa sabo, ita kuma kwamfutar ta ce sai da lambar sirrin mai ita. Ashe kulle mini ita ka yi a cikin gidana? Da ya ce to a goge komai a fara daga farko, sai na nuna masa ƙofa da sandata. Kawunka ya ce wai taurin kai gare ni. Shi da tasa matar ke raye!

Abin da ke cina, shekaranjiya na rufe ido in tuno ta, sai mai faɗin fuskar nan ta zo mini. Ƙanwarka ta ce ka turo lambar ta waya kawai. Ni ban ce ba. Kada ka turo. Ka kawo ta da ƙafarka, ka zauna kusa da ni mu duba tare, tun ina iya gane ko ta dawo daidai.

Ka gaida surukata, da takwarana, da 'yar autar da ban taɓa ɗauka ba. Gwaggonka na gaishe ku.

Ni ne mahaifinka, mai sauraron sallamarka a bakin ƙofa.