Furen Cibiyar Aristides

Facatativá, 9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Eulalia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Sanyin garin nan sai wanda ya gani. Raɓa daskarewa take yi, hatta cikin rumfar ledar da muke noman furanni. Shukar da na taho da ita daga gida tana nan a lungun da na ɓoye ta, ta yaɗu ta kama ƙarfen rumfa. Kullum kafin in tashi aiki sai na lulluɓe ta da bargona. Abokan aiki suna ta tsiya, wai Nicolasa ta yi sabon miji mai ganye.

Ban taɓa gaya miki ba, Yaya. Reshen nan daga shukar da Inna ta binne cibiyar ɗana Aristides a gindinta na yanko shi, ranar da zan taho neman aiki. Kin san ba a sa wa shukar cibiya ƙarfe. Ni na sa mata wuƙa. Kwana tara bayan haka masu bindiga suka sauke Aristides daga kwalekwale, har yau shiru. Shekara bakwai ina ɗauke da wannan ni kaɗai.

Ba ta taɓa fure ba, amma ba ta mutu ba. Inna takan ce ranar da ta yi fure mai ita na hanyar gida. Wani lokaci ina tsaka da yankan furanni sai in ji kamar an tsaya a bayana. Ba na waiwayawa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Nicolasa

Facatativá, 2 ga Maris

Yaya Eulalia,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Ranar Talata ta yi fure. Guda ɗaya, rawaya, faɗin tafin hannuna. Na durƙusa a laka ina dariya, ban damu da masu kallo ba. Na koma gida na dafa shinkafa da kwakwa yadda yake so, har na sayo masa silifas.

Ranar Laraba masu tonon ƙasusuwan waɗanda suka ɓace suka kira ni. Jinin da suka ɗiba a jikina bara ya dace da ƙasusuwan wani da suka tono a bakin kogin Baudó, can wajenmu.

Inna ba ta yi ƙarya ba, yana hanya. Ki sa a share wuri kusa da kabarinta. Ramin ba sai ya yi girma ba, akwatin a cinyata zan riƙo shi cikin mota. Shukar ma da ita zan taho. Da hannu na tone ta.

Taki,
Nicolasa